FASHIN BAƘI: Direban ma'ajiya, rubutun da ke riƙe da bayanan wayarka, da mutanen da ke bitar sa

A kasuwar shinkafa ta Kura, dillalai da dama sun daina dogaro da littafin takarda kaɗai. Hoton rasit, saƙon muryar da manomi ya turo daga Bunkure yana alkawarin buhunan da zai kawo bayan girbi, shaidar kuɗin da aka tura ta POS, duk suna cikin waya ko cikin katin memori wanda bai wuce farcen yatsa girma ba. Ranar da katin ya ƙi buɗewa, ko waya ta nemi a goge shi a sake tsara shi, ranar ake sanin darajar abin da ke ciki. Akan ɗora laifi a kan katin, ko wayar, ko mai gyara. Da wuya ka ji an ambaci wani guntun rubutun umarni da ke zaune tsakanin waya da katin, wanda duk abin da aka adana sai ya bi ta hannunsa. Masana kwamfuta na kiran sa direba.

Mene ne direba?

Kowace waya ko kwamfuta tana da babbar manhajar da ke tafiyar da ita, kamar Windows ko Android. A tsakiyar babbar manhajar akwai cibiyar da ake kira kanel, wanda shi ke raba aiki da wurin ajiya ga sauran manhajoji, shi kuma ke da ikon taɓa sassan na'ura kai tsaye. Kanel ɗin da ke cikin duk wata wayar Android, Tecno ce ko Infinix ko Samsung, shi ne Linux, wanda Linus Torvalds ya fara rubutawa a 1991 yana ɗalibi a Helsinki ta ƙasar Finland. Yawancin manyan kwamfutocin da ke ɗauke da intanet ma a kansa suke aiki.

Kanel bai san yaren kowane ƙarfe ba. Katin memori da yarensa, ma'ajiyar da aka liƙe cikin waya, wato eMMC ko UFS, da nata, haka filashin da ake soka wa kwamfuta da faifan SSD. Direba shi ne tafintan da aka rubuta don wani nau'in ƙarfe guda: yana karɓar buƙatar kanel, ya mayar da ita umarnin da ƙarfen zai gane, ya jira amsa, ya kai rahoto. Saboda yawan nau'o'in na'urori a duniya, direbobi ne suka cinye fiye da rabin rubutun Linux, wanda a farkon 2025 ya haura layi miliyan 40.

Wanda ya san aikin noman rani na Kogin Kano ba zai sha wahalar gane tsarin ba. Ruwan madatsar Tiga, wadda aka kammala a 1974, ba ya tsallakowa daga tafki ya faɗa fegin manomi a Kura ko Garun Malam. Sai ya bi babbar hanyar ruwa, ya shiga rassa, ya gangara ƙananan magudanai, a kowane mataki kuma akwai ƙofar da wani ke buɗewa da rufewa. Hoton da ka ɗauka ma haka yake tafiya. Manhajar kyamara ta miƙa shi ga tsarin fayil, irin su ext4 ko F2FS ko exFAT, wanda ke yanke a wane gurbi za a ajiye shi. Daga nan sai sashen jigila, wanda ke jera buƙatu layi-layi yana haɗe na kusa da juna don a yi sauri. Direba ne mai ƙofar ƙarshe.

A nan kamannin ya tsaya. Idan mai ƙofa ya kai ruwa gonar da ba ita ba ce, a ranar za a gani, a ranar za a yi cacar baki. Direba kuwa idan ya rubuta bayani a gurbin da ba nasa ba, yana iya shafe wani fayil ɗin da ba za a nema ba sai bayan wata shida, a lokacin kuma ba a san ranar da ɓarnar ta faru ba. Direban sauti idan ya tafka kuskure, a kashe waya a kunna, shi ke nan. Kuskuren direban ma'ajiya yana nan daram bayan an kunna.

Abin da mai bita ke nema

Tun a 2001 wasu masu bincike a Jami'ar Stanford ta Amurka suka auna kurakuran Linux, suka gano cewa yawan kuskure a direbobi ya ninka na sauran sassan kanel sau uku zuwa bakwai. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Sau da yawa injiniyoyin kamfanin da ya ƙera ƙarfen ne ke rubuta direba, sun san ƙarfensu amma ba lallai su san lungunan kanel ba, kuma mutane kaɗan ne ke da na'urar a hannu balle su gwada.

Don haka mai bitar direban ma'ajiya ba ya ɓata lokaci a kan hanyar da komai ke tafiya daidai, domin marubucin ya riga ya gwada wannan. Idonsa na kan ranar tsiya. Me zai faru idan aka zare katin ana tsakiyar rubutu? Direban zai saki wurin ajiyar da ya aro, ko zai ci gaba da amfani da wurin da ya riga ya mayar? Wannan na biyun yana cikin kurakuran da suka fi haɗari, domin wurin da aka mayar ana iya ba wa wani, sai direban ya yi rubutu a kan kayan mutane, kuma ta irin wannan ƙofa masu kutse ke shiga.

Sai batun tsere. Wayar yau tana da ƙwaƙwalwa huɗu ko takwas da ke aiki lokaci guda. Idan biyu suka taɓa jerin buƙatu ɗaya a daidai ƙiftawar ido ɗaya ba tare da kulle ba, lissafi ya rikice. Irin wannan kuskure yana iya ɓoyewa a gwaji dubu ya bayyana a na dubu da ɗaya, shi ya sa sai an bi rubutun da ido ana tambayar wa ke riƙe da makulli a kowane layi.

Akwai kuma abin da ya fi shafar mu a nan, wato ɗaukewar wuta. Na'urorin ajiya da yawa sukan ce sun karɓi bayani alhali yana cikin ƙaramar ma'ajiyarsu ta wucin gadi, bai sauka inda zai dawwama ba. Akwai umarni na musamman da ke tilasta musu su juye shi, kuma wajibin direba ne ya isar da umarnin, ya jira tabbaci, kafin ya ce an gama. Direban da ya yi ha'inci a nan zai fi sauri a gwaji, har a yaba masa. Asirinsa ba ya tonuwa sai ranar da wuta ta ɗauke ko batir ya mutu ana cikin rubutu. A ƙasar da ba a ɗauke wuta, ana iya shekara ba a gani ba.

Na ƙarshe shi ne yarda da ƙarfe. Na'ura na iya faɗin ƙarya game da kanta, ko don kuskuren ƙira ko da gangan. Linux na ɗauke da jerin sunayen na'urorin da aka san suna da wani hali, tare da umarnin da za a guje wa aika musu. A 2012, alal misali, an gano cewa wasu ma'ajiyoyin eMMC da ke cikin wayoyin Samsung na lokacin suna iya mutuwa murus idan aka aika musu wani umarnin gogewa, sai aka sanya su cikin jerin. Sai dai akwai ƙaryar da direba ba ya iya kamawa. Katin memori na jabu zai ce girmansa gigabait 64 ne alhali 8 ne, direban ya yarda, in an cika na gaskiyar sai sabon bayani ya ɓace ko ya hau kan tsoho. Maganin wannan shi ne a cika katin da bayanan gwaji a karanto su tun kafin a ba shi amana, kuma akwai manhajojin kyauta da ke yin haka, irin su H2testw da F3.

Yadda gyara ke shiga

Ana kiran kowane gyara faci, kamar dai na taya. Ƙa'idar Linux ita ce faci ɗaya ya yi abu ɗaya, ya zo da bayanin matsalar da yake warwarewa da dalilin bin wannan hanya. Tun 2004 kowane faci sai ya ɗauki layin sa hannu, inda marubucin ke shaida cewa yana da haƙƙin bayar da rubutun. Ana aika shi a bainar jama'a, kowa na iya karantawa ya yi suka, kuma sukar ma a bainar jama'a take zama, ana iya komawa gare ta bayan shekara goma. Ba abin mamaki ba ne faci ya koma hannun mai shi sau biyar ko goma kafin a karɓa.

Kowane sashe yana da mai kula da shi. Jens Axboe ne ya daɗe yana riƙe da sashen jigila, Ulf Hansson na kula da sashen katunan memori da eMMC, Greg Kroah-Hartman kuma na riƙe da sashen USB da zubin kanel da aka riga aka fitar ake ci gaba da yi wa gyara. Su ke tattara facin da suka gamsu da shi su miƙa wa Torvalds. Duk bayan mako tara ko goma sabon zubi ke fita: mako biyu na karɓar sabbin abubuwa, sauran na gwaji da gyara. Zubi ɗaya kan ƙunshi faci sama da 10,000 daga hannun mutum kimanin 2,000. Ban da idon mutane, akwai injinan gwaji kamar syzbot na kamfanin Google, wanda dare da rana yake jefa wa kanel umarnin shirme da na'urorin bogi don ya ga inda zai faɗi.

Duk da wannan, abu kan sulale. A ƙarshen 2018 masu amfani da zubi na 4.19 suka fara kukan fayilolinsu na lalacewa. Makonni ana zargin tsarin fayil na ext4, domin a nan ɓarnar ke bayyana. Ashe laifin yana ƙasa da shi, a sashen jigila. Idan aka aika buƙata kai tsaye faifai ya ce hannunsa cike yake, sai a mayar da ita layi, alhali an riga an shirya mata taswirar inda bayananta suke. In aka haɗe ta da wata buƙatar a kan layin, taswirar ta tsufa, amma da ita ake aiki. Axboe ya toshe ɓarakar a Disamban shekarar da faci na 'yan layuka.

Na Disamban 2023 ya fi ban takaici, domin gyara ne ya jawo shi. An ɗauko wani faci mai kyau daga sabon kanel aka saka a tsohon zubi na 6.1, aka bar wani facin da ya dogara da shi, sai ext4 ya shiga haɗarin lalata bayanai. Masu haɗa babbar manhajar Debian sun dakatar da fitar da zubinsu na 12.3 a ranar da aka tsara, suka tsallake zuwa 12.4.

Labarin exFAT kuwa ya nuna bita a ranar da ta yi aikinta. Wannan shi ne tsarin fayil na katunan da suka haura gigabait 32, mallakar Microsoft, wanda saboda haƙƙin mallaka ya shekara da shekaru a wajen Linux. A Agustan 2019 kamfanin ya wallafa bayanin tsarin ya ba da izini. Nan da nan aka shigar da wani tsohon direban da asalinsa na Samsung ne, amma a ɗakin jira, inda ake ajiye rubutun da bai kai mizani ba, domin masu bita sun ga aibobinsa. Cikin 'yan watanni injiniyoyin Samsung suka kawo sabon da suke amfani da shi a wayoyinsu, aka yi ta mayar musu suna gyarawa, har ya maye gurbin tsohon a zubi na 5.7 a 2020.

Inda siyasa ta shigo

Mai karatu na iya cewa wannan duk hirar injiniyoyi ce. A Fabrairun 2025 ƙungiyar Amnesty International ta wallafa binciken wayar wani ɗalibi ɗan gwagwarmaya a Sabiya, wanda jami'an tsaro suka tsare a Disamban 2024 lokacin zanga-zangar ɗalibai. An buɗe wayarsa ta Samsung duk da tana kulle, da kayan aikin kamfanin Cellebrite na Isra'ila. Hanyar da aka bi ita ce ramin caji: aka soka na'urar da ke shigar burtu, tana ce wa wayar ita kyamara ce ko na'urar sauti, ta yi wa direbobin USB na Linux ƙarya, su kuma suka yarda. Waɗannan ba direbobin ma'ajiya ba ne, amma cutar ita ce wadda aka ambata a sama, kuma abin da ake nema shi ne abin da ke cikin ma'ajiyar. Ɗan jarida ko ɗan rajin da aka taɓa karɓe wa waya a ofishin jami'an tsaro ya san abin da wannan ke nufi.

Ita kanta bitar tana tafiya ne a kan amana, kuma an gwada amanar. A Afrilun 2021 Kroah-Hartman ya haramta karɓar faci daga Jami'ar Minnesota, bayan ta bayyana cewa wasu masu bincike a can sun aika gyare-gyare masu ɗauke da kuskuren ganganci don su ga ko za a kama. Aka koma aka sake bin faci sama da 400 da suka fito daga jami'ar. Mafi yawansu lafiya lau suke, amma lokacin da aka ƙone wajen binciken na mutanen da dama aiki ya yi musu yawa ne. A Oktoban 2024 kuma aka cire sunayen mutum goma sha wani abu masu alaƙa da Rasha daga jerin masu kula da sassa, akasarinsu na direbobi, saboda takunkumin Amurka. Rubutun na kowa ne, amma gidauniyar Linux da manyan kamfanonin da ke biyan albashin masu aikin suna ƙarƙashin dokokin wasu ƙasashe, kuma ranar ta nuna haka ƙarara.

A gida Najeriya, na'urar BVAS da hukumar zaɓe ta INEC ta yi amfani da ita a 2023 tana aiki ne da Android. Adadin waɗanda aka tantance a rumfa da hoton takardar sakamako suna sauka ne a ma'ajiyarta kafin su tafi ko'ina. A Maris na shekarar, batun kwashe bayanan zaɓen shugaban ƙasa daga na'urorin kafin a sake saita su ya kai gaban Kotun Ɗaukaka Ƙara, har aka ɗage zaɓen gwamnoni daga 11 zuwa 18 ga wata. An yi ta muhawara a kan wa zai riƙe bayanan. Tambayar da ta dace a riƙa haɗawa da ita, ga INEC da duk wata hukumar da ke sayen na'urori da kuɗin jama'a, ita ce wane zubin kanel ke ciki, wa ke da alhakin sabunta shi, har zuwa wace shekara. Lasisin Linux, wato GPL, ya wajabta wa duk wanda ya sayar da na'ura mai ɗauke da shi ya ba mai saye rubutun kanel ɗin idan ya nema. Haƙƙi ne da ke rubuce, sai dai a ƙi amfani da shi.

Babban giɓin ma a nan yake. Facin da aka karɓa yau ba gobe yake isa wayar manomi ba. Sai ya bi ta Google, ya bi ta kamfanin da ya ƙera ƙwaƙwalwar wayar kamar MediaTek ko Unisoc ko Qualcomm, sannan kamfanin wayar ya ga dama ya tura. Waya mai araha takan daina samun sabuntawa da wuri, alhali ita ce ake riƙewa shekara da shekaru, a sayar da ita hannu na biyu, a kai ta gyara Farm Centre a ci gaba da lallaɓawa. Manoman yankin Kadawa sun san wannan ciwo ta wata fuskar. Gina magudanar ruwa abu ne da gwamnati ke so ta yi bikinsa, yashe laka da kachalla kuwa shi aka bari har ruwa ya daina kaiwa ƙarshen layi, sai da shirin TRIMING na Bankin Duniya ya zo aka yi gyara aka kuma ƙarfafa ƙungiyoyin masu amfani da ruwa.

Ƙofar shiga aikin a buɗe take, ba ta neman takardar shaida. Ɗakin jiran nan cike yake da direbobin da ke buƙatar shara, kuma daga nan da yawa suka fara. Akwai shirin horaswa na gidauniyar Linux ƙarƙashin Shuah Khan, akwai Outreachy da ke biyan masu koyo. Ɗalibin kimiyyar kwamfuta a Jami'ar Bayero ko ta Wudil yana buƙatar yaren C, tsohuwar kwamfuta, da jimirin jin an ce masa facinsa bai yi ba. Yana kuma da abin da masu bita a Turai ba su da shi a kusa: wayoyi da katunan da ake sayarwa a nan, zafin watan Afrilu, da wutar da ke ɗaukewa ba sallama. Rahoton kuskure guda da aka rubuta da kyau, mai faɗin nau'in na'ura da zubin kanel da yadda za a maimaita matsalar, gudunmawa ce da ake karɓa hannu biyu.

Wanda ba injiniya ba ma yana iya duba matsayinsa. A sashen saitunan waya, wurin bayanin wayar, akwai lambar zubin kanel da kwanan watan sabuntawar tsaro ta ƙarshe. Google ya sanya gyaran ɓarakokin da aka yi amfani da su a Sabiya cikin sabuntawar Fabrairu da Maris da Afrilun 2025. Idan kwanan watan da ke wayarka ya girmi haka, akwai yiwuwar gyaran bai iso ta ba.